Wankin mota a gida: bokiti, tiyo, famfon feshi ko injin matsi?

Mai mota a Garwa, Marwa, Kuseri ko Njamena da ya ce zai riƙa wanke motarsa a gida yana da matsala biyu da ba su cika damun mai mota a Duwala ba: ƙura ta yi yawa, ruwa kuma na saye ne ko na jira. Daga Nuwamba zuwa Maris iskar hunturu tana kwaso ƙura daga arewa maso gabas, kaso mai yawa daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, ta lulluɓe komai. Ka wanke mota da hantsi, kafin la'asar yara sun samu wurin rubutu a gilashin baya. Da damina ta kankama kuma sai laka ta karɓi aiki. Shi ya sa shawarwari suke yawa: wani ya ce ka sayi injin matsi irin na Kärcher, wani ya ce bokiti ya isa, wani kuma ya ga bidiyon wankin da ba a ɗaurayewa ya ƙyasa.

Hanyoyi biyar za mu auna: bokiti biyu da hannu, tiyo daga famfo, famfon feshi na goyo, injin matsi na lantarki, da wankin da ba a ɗaurayewa.

Abin da za a auna da shi

Na farko, kuma shi ya fi sauran nauyi: hanyar tana sauke yashi daga jikin mota kafin hannu ya taɓa ta? Fentin da mota ke fitowa da shi daga kamfani hawa-hawa ne, duka-duka kaurinsa maikron 100 zuwa 150 (maikron dubu ne milimita ɗaya), kuma rufin sama mai ƙyalli bai cika wuce maikron 50 daga ciki ba, wato bai kai kaurin takardar rubutu ba. Ƙurar da ke sauka a kansa tana ɗauke da ƙwayoyin yashi da suka fi shi tauri nesa ba kusa ba. Duk lokacin da aka ɗora tsumma ko soso a kan wannan ƙurar aka ja, an karce fentin. Ba a gani a wanki ɗaya. Sai bayan wasu watanni ka tsaya da rana ka ga baƙar mota ta koma toka-toka, bonet ya cika da zane kamar saƙar gizo-gizo. Rana ake ɗora wa laifin, alhali mafi yawansa aikin tsumman safe ne. Saboda haka goge ƙura da busasshen ƙyalle, abin da aka fi yi a ƙofar gida da tasha, ba ya ma cikin zaɓin. Gara mota ta yini da ƙurarta.

Na biyu ruwa: jarka nawa mai lita 20 wanki ɗaya zai ci, kuma wane irin ruwa ne. Ruwan burtsatse a wurare da dama yana da gishirin ƙasa, in ya bushe a jikin mota sai ya bar fararen ɗigo masu wuyar fita. Ruwan rijiya da na kogi suna zuwa da yashinsu.

Na uku kuɗi, kuma kashi biyu ne, na saye da na kowane wanki. Na huɗu ƙarko: in abin ya lalace, akwai mai gyara da kayan gyara a garinku, ko sai an aika Duwala ko Kano? Na biyar sauƙi da lokaci. Tsakanin Maris da Mayu zafi yana haura digiri 40, jikin mota mai duhun launi da ta tsaya a rana yana iya kai digiri 70, kumfa tana bushewa kafin ka zagayo. Hanyar da ke jan lokaci tana hukunta mai ita a irin wannan yanayi, don haka kowace ka zaɓa, lokacin wanki bayan asuba ne ko dab da magariba, a inuwa, jikin mota da sanyi. Na ƙarshe haɗari, ga mota da ga mai wankin.

Bokiti biyu da hannu

Kayan ba su da yawa: bokiti biyu masu lita 15 ko 20, moɗa ko buta, safar wanki ko tawul mai laushi na maikurofaiba, babban tawul na tsanewa, da buroshi da wani tsohon bokiti na taya kaɗai. A bokiti ɗaya ake haɗa kumfa, ɗayan kuma tsabtataccen ruwa ne na ɗauraye safa. Ka tsoma a kumfa, ka wanke ɓangare ɗaya, misali rabin rufi, sai ka girgije safar a bokitin ɗauraya kafin ta koma kumfa. Da haka yashin da ka kwaso yana zama a bokiti na biyu maimakon ya koma jikin fenti. In ka kifa ƙaramin kwandon roba mai huji-huji a gindin bokitin ɗauraya, yashi zai kwanta a ƙarƙashinsa, safa ba za ta sake ɗauko shi ba. Daga sama ake farawa a gangaro ƙasa, hannu yana tafiya a miƙe ba a kewaye ba, kuma ƙasan ƙofofi da bamba su ne na ƙarshe domin can datti ya fi kauri. Tawul ɗin da ya faɗi ƙasa ya gama aikin fenti a ranar.

A kuɗi babu wadda ta kai ta araha, kuma babu abin lalacewa sai tawul. Ruwa kamar jarka uku ga mota irin Corolla: ɗaya na jiƙon farko, ɗaya a bokitai, ɗaya na ɗauraya. Hilux ko Land Cruiser za su nemi huɗu ko biyar.

Rauninta yana wurin ma'auni na farko. Watsa ruwa da moɗa yana jiƙa ƙura amma ba ya ture ta duka, musamman wadda ta kwana ta sha raɓa ko ta haɗu da maiƙon hanya. Mai gaggawa yakan zuba moɗa biyar ya kama cuɗa, to a nan ɓarnar take. Dabarar ita ce ka jiƙa motar gaba ɗaya, ka ba ta minti biyu ko uku, ka sake zubawa daga sama da ɗan ƙarfi, sannan hannu ya sauka. Ƙarƙashin mota da cikin madigadi kuwa bokiti ba ya kai musu yadda ya kamata.

Tiyo daga famfo

In ruwan famfo yana zuwa gidanka da ƙarfi, ko kana da tanki a sama, tiyo yana yin jiƙon farko da ɗaurayar ƙarshe fiye da moɗa, kuma yana leƙa ƙarƙashin mota. Bai maye gurbin bokiti biyu ba, ƙari ne a kansu. Matsalarsa ɓarnar ruwa. Tiyon da aka sake yana zubar da lita 10 zuwa 15 a minti, don haka minti goma sha biyar ya cinye duro guda mai lita 200 ko kusa da haka. Wanda ke sayen ruwa a hannun 'yan garuwa ya yi lissafi: in a unguwarku jarka sefa 50 ce, wankin bokiti sefa 150 ne, na sakakken tiyo ya tasar wa 500. Maganin wannan kan feshi ne mai kunama, wanda ke tsayar da ruwa da zarar ka saki hannu. Shi kaɗai yana iya rage ruwan zuwa rabi.

Tiyon roba mai araha da ke kwana a rana yana ƙagewa ya tsattsage, saboda haka a naɗe shi a inuwa. Ruwan da ya yini a cikinsa kuma zafi gare shi, a zubar da shi tukuna. Wata dabara ta ƙarshen wanki: ka cire kan feshin, ka bar ruwa ya kwarara a hankali daga rufi. Yana sauka a shimfiɗe ya ja ɗigo-ɗigon da shi, abin tsanewa ya ragu. Amma duk wannan ya rataya ne a kan famfo ya kawo ruwa a lokacin da kake so, kuma kowa ya san yadda hakan yake a watan Afrilu.

Famfon feshi na goyo

Wannan ita ce hanyar da aka fi rainawa, kuma a ganinmu ita ta fi dacewa da yawancin gidajen yankin nan. Famfon da manoma ke goyawa, mai lita 15 ko 16, yana fitar da ruwa da matsin bar 2 zuwa 4, kamar lita ɗaya ko ɗaya da rabi a minti. Ba ƙarfi ne mai yawa ba, amma ya isa ya ture ƙurar hunturu daga sama zuwa ƙasa ba tare da hannu ya taɓa ba, kuma kowane ɗigo yana sauka inda ka nufa. Ciki ɗaya na jiƙon farko, sai wankin bokiti biyu, sai ciki na biyu na ɗauraya: jimla lita 50 da 'yan kai. In ka ɗiga shamfu kamar cokali ɗaya a cikin na farko, ƙurar tana saki da sauri. Sandarsa mai tsawo tana shiga cikin madigadi, bayan rim, da tsakanin haƙoran lagireto, inda ƙaramin matsi ne ma ake so.

Ba ya neman wuta. Kuɗinsa yawanci bai kai rabin na ƙaramin injin matsi ba, kuma da yake ƙasar noman auduga da masara ce, robobinsa da kawunan feshinsa suna nan a shagunan kayan gona. Abin da ke kashe shi yashi ne: a tace ruwa da ƙyalle kafin a zuba, a bar matatar bakinsa a wurinta, a ɗauraye shi da ruwa zalla bayan an sa sabulu.

Sharaɗi ɗaya ne ba a sassautawa: ya zama sabo, na mota kaɗai. Famfon da ya taɓa ɗaukar maganin ciyawa ko na ƙwari ba ya wankuwa sarai, ragowar tana maƙalewa a roba da tiyo. Ka yi feshi da shi a tsakar gida, inda yara ke yawo ba takalmi kuma kaji ke shan ruwan da ya kwanta, ka jawo abin da ya fi ƙurar mota muni. A rubuta masa alama, kada a ara wa mai zuwa gona.

Akwai ɗan'uwansa na batir, ƙaramar bindiga mai zuƙo ruwa daga bokiti. Na kirki yana ba da bar 20 zuwa 25, ya fi na goyo ƙarfi kuma ba a bugawa da hannu. Sai dai kasuwa cike take da marasa suna da aka rubuta musu alƙaluman da ba su kaiwa, kuma batirin ba ya shiri da zafi: ka bar shi cikin mota a rana, ka rage masa kwana. In batir ko ƙaramin famfon ciki ya mutu, da wuya a samu madadi.

Abin da famfon feshi ba ya iyawa shi ne busasshiyar laka mai kauri. Can sai an jiƙa an jira, an bi da buroshi.

Injin matsi na lantarki

A ma'auni na farko babu na biyunsa. Ƙaramin Kärcher K2 yana kai bar 110, yana fitar da lita 360 a awa, wato lita 6 a minti, yana jan wat 1,400. K5 yana kai bar 145 da lita 500 a awa, yana jan wat 2,100. Lura da alƙaluman ruwan: minti goma na danna kunama a K2 lita 60 ne, ƙasa da rabin duron da sakakken tiyo ke zubarwa a wanki ɗaya. Mutane suna zaton injin yana cin ruwa, alhali ƙarfi yake ba ruwa kaɗan.

Inda ya fi amfani shi ne damina. Wanda ke bin hanyoyin karkara, ko baƙar ƙasar karal ta wajen Waza da gaɓar Logone inda ake noman masakwa, ya san lakar da ke ɗafewa a ƙarƙashin mota ta bushe ta ƙage. Wannan lakar tana riƙe danshi a jikin ƙarfe ta kawo tsatsa, in kuma ta taru a cikin rim ta gefe ɗaya sai sitiyari ya riƙa karkarwa da an kama gudu, a je ana neman laifin a wani wuri. Injin matsi yana fitar da ita cikin mintuna.

Kuɗinsa ne mafi nauyi. A shagunan Turai ƙaramin K2 yana kewayen Yuro 100, wato sefa 65,000 da ɗoriya, kafin jigila da kwastan da ribar ɗan kasuwa, K5 kuwa ya ninka haka fiye da sau biyu. Sannan ga wuta. In an ɗauke, ƙaramin janareta na fitila da fanka ba zai tayar da shi ba, domin lokacin tashi injin yana fizgar wuta fiye da abin da aka rubuta a jikinsa. Sai mai kVA 2.5 zuwa 3 ga ƙaramin. Wayar jona wuta ta zama mai kauri, murabba'in milimita 2.5, a warware ta duka, mahaɗarta a ɗage daga ƙasa, kuma soket ɗin ya zama mai wayar ƙasa. Wuta ce mai bolt 220 kusa da jiƙaƙƙun ƙafafu, ba wurin ganganci ba ne.

Ƙarkonsa ya dogara da ruwan da kake ba shi. Abu uku ke kashe famfon cikinsa: yashi, gudu ba ruwa, da ruwan zafi. Ƙananan injinan an yi su ne don ruwan da bai wuce digiri 40 ba, kuma baƙin tankin da ya yini a rana a watan Afrilu yana iya wuce hakan. A sa matata a bakin shigar ruwa, a bar ruwa ya bi ta cikin injin ya kori iska kafin a kunna. Ba kowane samfuri ke iya zuƙo ruwa daga duro ba, a tambaya kafin a biya, in kuma ba ya iyawa a ɗora duron a sama. Kan famfon ƙananan da yawa na roba ne, in ya tsage gyaran yakan kusa kai kuɗin sabo.

Haɗarinsa ga mota shi ne inda garin neman ƙiba ake samo rama. A yi amfani da kan feshi mai buɗewa, a tsaya nesa da fenti da aƙalla santimita 30, a riƙa karkatar da bindigar. Kan feshi mai juyawa kuwa na wanke daɓe ne, kada ya kusanci fenti ko gefen taya. Motoci da yawa a nan na hannu ne da aka sake wa fenti a gareji, kuma irin wannan fentin, in ruwa ya samu ɗan ƙwarzane ya shiga ƙarƙashinsa, ɓallewa yake yi. Kada a nufi robar gilashi da ta ƙofa, boris ɗin taya, ko robobin da ke riƙe giris. Lagireto da kwandensan na'urar sanyi haƙoransu siraran alminiyam ne, matsi yana kwantar da su iska ta kasa wucewa, mota ta fara zafi. Ɗakin injin motar kuma a bar shi ya huce, a rufe altaneta, ƙwaƙwalwar mota, akwatin fis da bakin shigar iska da leda, a wanke da buroshi da feshi mai laushi. Kuma ko da injin matsi, sai an bi da safa da bokiti biyu, domin akwai siririn datti mai maiƙo da ruwa kaɗai ba ya ɗagawa.

Wankin da ba a ɗaurayewa

Wani ruwan magani ne da ake ɗigawa a bokiti, yana sa datti ya yi santsi ya saki fenti, a share a tsane ba tare da ɗauraya ba. Sananne a cikinsu, Optimum No Rinse, ana haɗa mililita 30 a lita 8 na ruwa. Ana jiƙa tawul shida zuwa takwas a ciki, a ninke kowanne gida huɗu ya ba da fuska takwas, a shafa sau ɗaya da kowace fuska ba dannawa, a juya. Tawul ɗin da ya ƙare ba ya komawa bokiti. Kowane ɓangare ana tsane shi nan take, shi ya sa fararen ɗigon ruwan burtsatse ba sa samun damar zama. Rabin jarka ya wanke mota, kuma tsakar gida ba ta jiƙewa.

A takarda kamar don mu aka yi shi. A aikace akwai cikas biyu. Samun maganin a arewa ba tabbas, yawanci sai an yi saƙo, kuma tawul masu kyau da yawa ma kuɗi ne, ga wankinsu daban: ba a haɗa su da sauran kaya, a shanya su cikin ɗaki don kada su kwashi ƙura. Na biyu, an tsara shi ne don ƙura mara nauyi. Motar da ta dawo daga Mora ko Abeshe, ko ta kwana uku a hazo, in ka hau ta da tawul kai tsaye ka koma gidan jiya. Dole a fara fesa mata ruwa a sauke na sama, wato famfon feshi ya sake shigowa.

Kwatanci a taƙaice, ga mota madaidaiciya:

| Hanya | Ruwa | Kuɗin saye | Ƙarko | Sauke yashi kafin hannu | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Bokiti biyu | lita 60 | mafi araha | sai tawul ya tsufa | matsakaici | gaggawar cuɗa |
| Tiyo da bokiti | lita 100 zuwa 200 | kaɗan | rana na cin tiyo | mai kyau | ɓarnar ruwa |
| Famfon goyo da bokiti | lita 50 zuwa 55 | matsakaici | mai kyau, akwai kayan gyara | mai kyau ga ƙura, rauni ga laka | ragowar maganin gona |
| Injin matsi da bokiti | lita 70 zuwa 90 | mafi tsada | ya danganta da tsabtar ruwa | mafi kyau | ɓallewar fenti, wuta |
| Ba ɗauraya | lita 10 | magani da tawul masu tsada | sai magani ya ƙare | rauni in ƙura ta yi kauri | karce fenti |

Akwai hanya ta shida da ba ta shiga teburin ba, wato gangarawa bakin Binuwai, Logone ko Shari. Ruwan kyauta ne, amma yana ɗauke da yashi, taya a cikin ruwa yana kai danshi ga boris da birki, mai tsayuwa a ciki yana cikin haɗarin tsargiya, kuma sabulu da baƙin mai suna tafiya ne cikin ruwan da wasu ke sha suna kamun kifi.

Sabulu da abin shafawa

Nan ma zaɓi ne, kuma yana iya rushe duk ƙoƙarin da aka yi a sama. Omo shi ne a hannun kowa, amma kaifinsa na cire maiƙon tufafi ne: yana wanke duk kakin da aka shafa wa fenti, yana sa baƙar roba ta yi fari, ƙwayoyinsa da ba su narke ba suna karce jiki. Sabulun ruwa na kwanuka ya fi shi sauƙi amma shi ma yana cire kaki. Shamfun mota ba shi da wannan kaifin kuma yana ba safa santsi, cokali biyu na cin abinci a lita 10 yawanci ya isa, don haka kwalbar lita ɗaya tana yin wanki talatin ko fiye. A lissafin kowane wanki bai fi omo tsada da yawa ba.

In fararen ɗigo sun riga sun zauna, a gauraya ruwan khal da ruwa daidai wa daida, a jiƙa tawul a ɗora minti ɗaya a inuwa, a ɗauraye. Ruwan sama da aka tara mai tsabta, ko wanda ke ɗiga daga na'urar sanyaya ɗaki, ba su da gishirin, sun fi dacewa da ɗaurayar ƙarshe da gilashi.

Wajen kare fenti, kakin karnuba yana ba da ƙyalli mai kyau amma a zafin nan makonni kaɗan yake yi. Maganin shafawa na haɗin kamfani yana kai wata huɗu zuwa shida, shi ya fi dacewa: sau ɗaya kafin hunturu, sau ɗaya kafin damina. Rufin siramik yana shekara ko fiye, sai dai yana son a gyara fentin tukuna a kuma shafa shi a ɗakin da ƙura ba ta shiga, abin da ke da wuya a gida. Man gas ko baƙin mai da ake shafa wa taya da ƙarƙashin mota don su yi ƙyalli a guje su: suna cin roba da bushin, kuma ƙura a kansu take ɗafewa. Kashin tsuntsu da na jemage, wanda mai ajiye mota ƙarƙashin dogon yaro ya sani, kada ya kwana: a ɗora jiƙaƙƙen tawul ya yi laushi a ɗauke, ba a kankarewa. Tamfol kuma a kan wankakkiyar mota kaɗai ake rufa shi, in ba haka ba iska tana kaɗa shi yana goga yashi a fenti.

Wa ya kamata ya ɗauki wanne

Mai mota ɗaya a cikin gari, wanda ke sayen ruwa jarka-jarka kuma wuta ba ta da tabbas a unguwarsu: sabon famfon goyo, bokiti biyu, shamfu, tawul huɗu. Da wannan zai yi wanki sau ɗaya ko biyu a mako duk tsawon hunturu ba tare da fentin ya dushe ba. In kuɗin famfon bai samu ba yanzu, ya fara da bokiti da moɗa, ya ba jiƙon farko haƙƙinsa.

Mai burtsatse ko tanki a gida, tiyo mai kunama da bokiti biyu sun ishe shi, kuɗin injin ya sa su a tawul masu kyau da maganin kare fenti. Ya dai riƙa tsanewa da wuri saboda gishirin ruwan.

Mai Hilux ko Land Cruiser da ke shiga ƙauyuka da damina, ko gidan da ke da mota biyu zuwa uku da babura, shi ne injin matsi zai mayar wa kuɗinsa, in yana da janareta mai ɗaukarsa da wurin tace ruwa. Ya fi kyau ya haura ƙaramin samfuri ya ɗauki na tsakiya. Wanda lakarsa ta wata uku ce kawai a shekara kuma motarsa ɗaya, gara ya riƙa kai ta wurin masu wanki a fesa mata ƙarƙashi bayan kowace doguwar tafiya, ya tsaya a kai don kada a matso da bindiga kusa da fenti ko a fesa man gas, jikin kuma ya wanke a gida.

Mai zama gidan haya inda zubar da ruwa a tsakar gida ke jawo magana da maƙwabta, kuma motarsa tana kwana a rumfa, wankin da ba a ɗaurayewa zai yi masa, tare da ƙaramin famfon hannu mai lita 2 zuwa 5 na sauke ƙurar sama. Ɗan tasi da mai babur ɗin haya, waɗanda ke son tsabta kullum da safe, buta biyu na ruwa a kan gilashi, fitilu da lamba sun wadatar, jikin a bar shi sai ranar cikakken wanki. Mai tsohuwar mota da aka sake wa fenti, ko wadda rufin samanta ya fara ɓarewa a bonet da rufi, ya nisanci injin matsi gaba ɗaya, ya tsaya a famfon goyo ko tiyo mai sassauƙan feshi.